Shekarar da Haraji Ya Tsallake Yaya

Tun da na fara koyarwa a sakandare ban taɓa ganin albashina cikakke ba. Kafin alat ya shigo waya an riga an yanke haraji, sai a turo mini saura kamar tsiren da ɗan aike ya ɗanɗana a hanya. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na yarda. Shi ya sa abin da na gani a ofishin haraji ya tsaya mini a rai, har yau bai wuce ba.

Yayana manomi ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ya zauna a gidanmu na gado a Ƙofar Rini ya riƙe fadamar Baba, ni aka tura boko. Komai nasa irin na Baba ne, har yadda yake fid da zakka: ranar da aka auna shinkafa a ranar ake ware ta, a ɗinke bakin buhunta da jan zare don kada ta shiga cikin ta kasuwa. Muna yara ni ke bin jakin da ke kai masu jan zaren gidajen makafi da matan da mazansu suka rasu, ina tafe ina hura hanci.

Ni kuwa haya nake a unguwar Gidan Dahala, ciki da falo, da mata da yara. Duk shekara idan Yaya ya yanke shinkafar rani yakan aiko mana da buhu biyu na shanshera, wadda ba a cashe ba. Ina makaranta ake kawowa, maiɗakina ta kai a turara a kai inji, ni sai dai in gan ta a kwano. Gaskiyar magana, shinkafar nan ce ke riƙe gidana har kaka. Albashi ko tsakiyar wata ba ya kai mu.

To, sai Yaya ya sayi fili a Minanata. Manomi, a Minanata! Ni da nake ɗaura agogo ina bi ta unguwar kullum a kan babur, ko tambayar kuɗin fili ban taɓa yi ba don kada a yi mini dariya. Na yi masa murna da baki kawai. Da ya je neman takardun filin aka ce sai ya kawo shaidar biyan haraji, shi ne ya zo da sassafe ya ce in raka shi, tunda ni na san takardu. Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina yau Yaya zai ɗanɗana abin da nake sha kowane wata.

Ma'aikaciyar da muka samu 'yar Filato ce, da ɗan gicciye a wuyanta, Hausarta tas, ga haƙuri. Ta tambaye shi abin da ya samu bara. Ya faɗa. Ta tambayi abin da ya kashe, nan fa bakin Yaya ya buɗe: taki, iri, man injin ban ruwa, 'yan ƙwadago, masu korar tsuntsu, ga ambaliya da ta cinye shinkafar damina ɗungurungum. Duk gaskiya ne, na sani, amma kowace kalma ya faɗa sai in ji kamar daga aljihuna ake cirewa. Ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, sannan ta ce abin da ya rage masa bai kai inda doka ta ce a fara karɓa ba. Ba a bin sa ko kwabo, za a ba shi takardarsa.

Na zaci ban ji daidai ba. Mutumin da ɗakin ajiyarsa ke cike har rufi, mai fili a Minanata, gwamnati ta dube shi ta ce talaka ne a ƙyale shi. Ni da ke cin bashin omo a shagon unguwa, ni ne mai hali. Bakina ya riga hankalina.

“Madam, kin tambaye shi shanu?”

Ta ce ita ba dabbar da ke tsaye a turke take tambaya ba, sai in ya sayar ya samu kuɗi. Yaya bai sayar ba. Ya juyo ya dube ni a hankali, irin kallon da Baba ke yi wa wanda ya taka shuka.

“Shanun gado na, Madam,” in ji shi. “Shi ma an ba shi nashi, yas sai da su yas sayi babur. Shi munka hawo.”

Matar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Muka hau babur muka kamo hanya. Yaya bai ma bari na kai shi gida ba, a bakin titi ya ce in sauke shi, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu ya shige lungu.

Na ba maiɗakina labari ina jiran ta taya ni jin haushi. Ina! Sai ta saki muciya ta ce na kashe mu, da wane ido zan karɓi shinkafar bana bayan na kai ƙarar mai ita? Na ce ba ƙara na kai ba, tambaya na yi, kuma har gobe ina da gaskiya. Ta ce to in dafa gaskiyar yara su ci.

Zafi ya shigo, aka fara yankan shinkafar rani. Ina ganin a-kori-kura na wucewa da buhuna, ba wadda ta tsaya ƙofarmu. Maƙwabcinmu da ke da gona kusa da ta Yaya ya ce ai tuni suka gama, har an fara sauke bulo a Minanata. Bulo! Na kwana ina juyi. Hatsin gida ya ƙare, muka koma awo a kwano, maiɗakina tana ajiye mini tuwon masara gabana ba ta ko kallona. Na ɗauki waya in kira shi ya fi a ƙirga, sai in tuna takardar nan tasa in mayar aljihu. Na koma ina gudowa daga makaranta da wuri, in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida wai ina shan iska, alhali titi nake kallo.

Ina nan zaune wata ranar Laraba bayan azahar sai ga a-kori-kura ta tsaya. Direban ya ce saƙo ne daga Ƙofar Rini. Na miƙe da sauri har ina tuntuɓe, na kama masa muka sauke buhu biyu. Hannuna na kan bakin buhun na ga ɗinkin. Jan zare ne. Na duba ɗayan, shi ma ja.

Na ce wa direban ya dakata, an yi kuskure. Na leƙa ciki na kira maiɗakina na nuna mata. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce tun shekarar da aka kawo ta gidan nan haka yake zuwa, ita ke warware zaren kafin in dawo.

A tsaye a rana na kira Yaya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce ashe zakka yake ba ni duk shekarun nan, ni da gwamnati ke karɓar haraji a hannuna? Ya bari na gama tas.

“Baba yac ce in za a hid da zakka a hwara duba cikin dangi,” ya ce. “Na duba, ƙanena, ban ga wanda ya hi ka buƙata ba. In ba ka so, mai mota shi maido su, akwai wata tsohuwa nan bayanmu.”

Direban yana jingine da motarsa yana jira. Maiɗakina tana bakin zaure, ƙaramar 'yarmu ta riga ta haye buhu ɗaya tana tsalle. Na so in ce a mayar, wallahi na so, har na buɗe baki. Na ce a shigar da su ciki.

Ni da kaina na sa reza na yanke zaren. Da watan ya ƙare alat ya shigo, an yanke harajin kamar kullum. Ginin Yaya na Minanata yanzu ya kai linta, in zan je makaranta ta wata hanya nake bi.