Alawar da Ta Zubo Daga Sama

Ni ɗan fari ne, mahaifiyata Hajiya kuma mutumiyar da ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana da magana da ni, sai ta dubi wanda ke kusa, in babu kowa ta dubi bango, ta ce, "A gaya wa wancan abincinsa na hucewa." A ɗakin kakata na tashi. Na san ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta uwa da ɗan fari. Amma ƙarya nake in na ce ban yi ta kwaɗayin ranar da za ta ga wani abu nawa ta yaba ba, ko da ta bakin wani ne.

Matata marainiya ce, don haka da ta haihu Hajiya ce ta zo Greensboro, nan Amurka, ta kula da ita. Gidanmu na haya a unguwar Glenwood ɗan tsukuku ne na katako. Mutum biyu masu gudun haɗa ido a irin wannan gida abin dariya ne. In na ji takunta a lungun banɗaki sai in faɗa kicin, ita kuma in ta ji nawa sai ta koma ɗaki. Matata ta ce mun mai da ita gidan waya.

A barandar baya nake haɗa rokokina. Ba irin abin wasan wutar da yara ke kunnawa ba ne. Wadda nake ji da ita ta fi ni tsawo, kuma ba a sayar wa mutum injinta sai ya ci jarrabawa ya sami takardar shaida. Ba a harba ta a cikin gari. Ƙungiyarmu ta masu harba roka na da wata gona can gabas, tafiya mai nisa, inda hukumar jiragen sama ta ba mu izini. Rokar kan tashi har ta ɓace wa ido, sannan laima ta buɗe ta sauko da ita a hankali. Hajiya ta leƙo wata rana ta gan ni ina goge ta, sai na ji tana ce wa matata, "Shi wancan da gemunsa har yau bai bar ƙera motar kara ba?" Na yi dariya, amma ta sosa min rai.

Shawarar alawa daga Alhaji ta fito, dattijon da ke da kantin kayan abincinmu a titin Gate City Boulevard. Na je sayen daddawa ya tare ni.

"Injiniya, an yi suna a gidanka ba wani armashi. Ka cika rokar nan taka da alawa mana, ta zubo wa yara daga sama. Ni zan ba da alawar kyauta, free."

Da wani ne ya kawo wannan magana a taron ƙungiya, da ni zan fara taɓe baki. Amma nan take na hango Hajiya tsaye a gonar, kanta a sama. Na ce to.

A filinmu akwai wani tsohon Bature da duk roka sai ta bi ta hannunsa kafin ta tashi. Shi ya koya min naɗe laima. Ya juya tawa, ya auna ta, ya leƙa buhun alawar, ya ɓata rai. Ya ce shi ba ya son roka mai ɗauke da wasa, domin wasan kan janye hankalin mutane daga abin da zai iya fasa musu kai. Na yi ta lallashinsa har ya yarda bisa sharaɗi. Kowace alawa a ɗaura mata ɗan ƙyalle don ta sauko sannu. Kada kowa ya ƙetare igiyar da aka ja sai rokar ta taɓa ƙasa. In kuma aka ji ƙaho, kowa ya tsaya inda yake ya ɗaga kai sama.

"Duk baƙinka sun san wannan?" ya tambaye ni ranar harbawa, da jama'armu suka hallara a gonar.

Na ce sun sani. Kuma na tara maza da yara na yi musu bayani, na je wajen mata na maimaita. Hajiya ce kawai ba ta cikinsu, tana zaune can gefe a kan darduma tana jan carbi. Ta yaya zan tsaya a kanta ina kafa mata doka? Sai na yi yadda muka saba, na ce wa matata ta gaya mata. Matata ta ce to, jaririya ta tsala kuka, ta wuce mota ta ba ta nono. Saƙona ya tafi mota tare da ita.

Rokar ta tashi yadda nake so, da ƙara mai girgiza ƙirji da farin hayaƙi miƙe ɗoɗar. Na saci kallon Hajiya. Ta miƙe tsaye, ta kare rana da tafin hannu, bakinta a buɗe. Daɗi ya cika ni har na ji ƙwalla.

Can sai alawa ta fara zubowa, ƙyallaye ja da kore suna lilo a iska. Wata daga cikin mata ta rangaɗa guɗa ta ce, "Wasoso!" Duk wanda ya tashi a garinmu ya san abin da jiki ke yi in ya ji wannan kalma. Ba a tunani, rugawa ake. Yara suka yi kan igiya.

A daidai lokacin tsohon ya danna ƙaho. Ƙyallayen sun sarƙe igiyoyin laimar, ba ta buɗe ba, rokar na tahowa ƙasa da nauyinta. Yaran nan haihuwar Amurka suka ji ƙaho da Turancinsa a lasifika, suka tsaya cak, kawunansu a sama. Mutum ɗaya ce ba ta tsaya ba. Hajiya ta ɗaga igiya ta shige, tana tafe a sunkuye, idonta a kan wata alawa da ta faɗi cikin ciyawa. Turancin bai shafe ta ba, ƙahon ma ta ɗauka cikin shagalin ne.

Ban san lokacin da na fizge makirfon daga hannun tsohon ba.

"Ke! Tsaya nan! Ba kya ji ne? Na ce ki tsaya!"

Muryata ce ta cika gonar, ta kowace lasifika. Hajiya ta daskare a sunkuye. Rokar ta daki ƙasa a gabanta kaɗan, daidai inda ta nufa, hancin rokar ya nutse cikin ƙasa, gangar jikin ta tsage.

Jama'armu kaf sun ji, maza da mata da 'ya'yansu, sun ji ɗan fari ya daka wa uwarsa tsawa kamar mai korar akuya daga shanya. Hajiya ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta, ta juyo. Ba ta dubi rokar ba, ba ta dubi kowa ba. Ta wuce mota ta zauna ta ja ƙofa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tsohon bai yi min faɗa ba, na kuwa fi son ya yi. Ya karɓi makirfonsa, ya ce tsawar da na yi daidai ce, amma da an yi maganar a hankali tun da safe, da ba a kai ga tsawa ba. Daga ranar ya hana ɗora wa roka duk wani abin da zai sa mutum ya ruga cikin fili. Alhaji kuwa ya ja ni gefe.

"Injiniya, ka ceci rai, wannan gaskiya ne. Amma uwa ce fa."

Kamar ban sani ba.

Sauran kwanakinta a gidanmu, ko saƙon abinci ya daina zuwa. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na nemi gafara. Ta ce wa bango, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," ta ci gaba da ninke kayan jaririya. Na kwashe rokokina daga baranda na tura ƙarƙashin gado. In na shiga masallaci sai in ga kamar kowa muryata yake ji a lasifika.

Ranar da za ta koma, mun raka ta filin jirgi. Na yi gaba da akwatuna, na bar su a baya ita da matata. Hajiya ta shige ba ta waiwayo ba, ni ma ban sa rai ba.

A mota matata ta miƙo min wani abu. Alawa ce guda ɗaya da ɗan jan ƙyallenta, da busasshiyar ƙasa a jikin ledar. Ta ce daga bakin mayafi Hajiya ta kwance ta.

"Ta jaririya ce?" na tambaya.

"Jaririyar da ko haƙori babu? Cewa ta yi in ba ka."

"Me ta ce?"

Matata ta faɗa da irin muryar Hajiya.

"Ta ce, 'Ki ba wancan. Ni ba kwaɗayi ya kai ni ba. Na ga abin da ya ƙera da hannunsa ya je sama ya dawo da ita, na ce kada yara su wawashe duka ban samu ta ajiyewa ba.'"

Na kasa tada motar. Mai gadin wurin ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce ba a tsayawa a nan.