Rafila Bodea, Wadda Ta Tsamo Ƙwaina Daga Bokitin Aladu

Kafin a kaɗa ƙararrawar coci ta safe, Rafila Bodea ta riga ta shiga rumfar bayan gidanta. Tana ɗaga kajin da ke kwanci ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da su su ci su sha. Kafin su dawo ta duba kowane kwando, ta shafa ƙwai da bayan hannu, ta sansana, ta ware wanda ya tsage. Kowane ƙwai da alamar fensir a jikinsa, ta mai shi, domin rabin ƙwan da ke rumfar nan ba nata ba ne. Daga nan sai wajen 'yan tsaki. Garin masara da dafaffen ƙwai da yankakken ganye, ruwa kuma a faranti mai tsakuwa a ciki don kada wani ya faɗa ya nutse. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana wannan a ƙauyenmu, nan gindin duwatsun Transilvaniya. Ƙauyuka uku ke kawo mata ƙwai. Ladanta kwalbar zuma, ko ɗan cuku, ko "Allah ya saka," wani ma ko wannan ba ya faɗa.

Na san duk wannan ne domin shinge ɗaya ya raba gidana da nata. Sunana Zamfira Oltean, shekarata saba'in da huɗu. Ban yi makaranta ba. Domnika mai raba wasiƙu ce take rubuta mini, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya.

Watan jiya jaridar gundumarmu ta buga hoton Simion, mai kula da injin ƙyanƙyasa na ƙungiyar manoma. Yana riƙe da allon yabo, yana washe baki, kajina takwas a gabansa. Aka rubuta wai injinsa ne ya ceto tsohon irin kajin ƙauyenmu daga ƙarewa. Ƙarya ce. Ku da kuka buga ta, ku buga wannan ma.

Kajina irin marasa gashi a wuya ne, jajaye, masu jure sanyi. Uwata ta zo da irinsu gidan aure, ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. Kowa a ƙauyen ya koma kajin gidan gona, ni kaɗai na rage da su. Wata safiya a bazarar nan na buɗe akurki, wari ya buge ni. Bodari ya haƙa ta ƙarƙashi. Kaji goma sha ɗaya da zakara, duk a kwance, matattu. Na zauna a ƙasa ban ma iya kuka ba. Sai can na tuna akwai ƙwai goma sha biyar a ɗakin ajiya. In suka lalace, kajin uwata sun ƙare a duniya.

To ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Taku ashirin ne zuwa ƙofar Rafila, amma shekara bakwai ba na yi mata magana. A kan reshen bishiyata ta goron turawa da ya tsallaka shingenta ta sare, na zage ta a gaban mutane, na zagi mijinta Toader da ke kabari. Don haka na ɗauki ƙwaina na wuce ta ƙofarta, kaina a sama, na kai wa Simion.

Ya ce, "Iya, kin zo inda ya dace. Injin nan ba ya barci, ba ya tashi cin abinci. Zamanin kwando ya wuce."

A kwana na goma sha shida guguwa ta kayar da sandar wutar lantarki. Tun la'asar babu wuta sai hantsin washegari. Kwana ashirin da ɗaya suka cika, shiru. Ranar ashirin da biyu na je da sassafe, na tarar da injin cike da ƙwan wasu. Na ce ina nawa? Ya nuna mini bokitin da yake tara wa aladunsa abinci. Ga su nan a kan ɓawon dankali.

"Duk baragurbi ne, Iya. Littafi ya ce kwana ashirin da ɗaya. Yanzun nan na fitar da su, wasu na jiran layi."

Na ce, "Littafin ne ya haife ka? Kai da uwarka ta yi wata goma da cikinka, bokitin wa aka jefa ka?"

Na faɗi wasu abubuwan da Domnika ta ƙi rubutawa. Muryata kuwa kowa ya san ta, har karnukan ƙetaren rafi suka amsa. Ina cikin yi sai na ga wata ta wuce ni ko kallona ba ta yi ba. Rafila ce, da tsohuwar hular fatar tunkiya ta marigayi mijinta a hannu, mijin da na zaga. Ta durƙusa a gaban bokitin da waɗannan gwiwoyin nata masu ciwo. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta manna a fatar idonta.

Ta ce, "Da sauran ɗumi."

Simion ya yi dariya. "Goggo Rafila, addu'a za ki yi musu?"

"Kai dai matsa, kana tare mini haske."

Ta jera su cikin hular, ta cusa ta cikin rigarta ta rungume. Sai a lokacin ta dube ni. "Yaya Zamfira, ki rage wa bakin nan aiki ki ba ƙafa. Je ki ɗora ruwa."

Kalmar farko ke nan a shekara bakwai, kuma na bi kamar yarinya.

A ɗakin girkinta ta kara kowane ƙwai a kunne, ta duba ko akwai wanda aka fara fasawa daga ciki. Babu. Ta zuba ruwan ɗumi a kwano, ta gwada da gwiwar hannu, ta jira ya kwanta. Ta saka ƙwai ɗaya. Ya yi iyo, bai motsa ba. Na biyu ma haka. Na uku ya tsaya cak, sai ya girgiza. Ba wanda ya taɓa kwanon, ba iska a ɗakin. Ya sake girgiza, shi kaɗai, ruwa ya yi zobe kewaye da shi. Na kama bakin tebur.

Ta ce, "Yana shure-shure. Sanyi ba ya kashe su duka, Yaya. Jinkirta su yake yi. Ƙwan da ya sha sanyi a ba shi kwana biyu, ko uku."

Tara suka motsa. Ta goge su da sauri. Na ce to ina kazar? Na san duk kwandunanta a cike suke, ai ina leƙe ta shinge. Ta ja ni lungun rumfa ta ɗaga wani babban kwando. Wata ƙatuwar talotalo ce zaune, ta baje, tana harararmu. A ƙarƙashinta ƙwai na katako.

Kowa a nan ya san yadda ake sa talotalo kwanci: a jiƙa burodi da ɗan giyar da muke dafawa da 'ya'yan itace, a ba ta, a kifa mata kwando kwana biyu, ta farka tana zaton ita uwa ce. Abin da ban sani ba shi ne, tun shekarar da aka kawo injin nan, kowace bazara Rafila tana zaunar da talotalo ɗaya a kan katako, ba ta ba ta ƙwan kowa.

Na ce, "Wa take jira?"

Ta ce, "Ranar da za a ɗauke wuta. Shekara shida tana zaman banza. Bana ta samu aiki."

Ta zame katakon, ta tura tara ɗin daga cikin hular, ɗaya ɗaya. Kwana biyu na yi ina safa da marwa tsakanin gidana da rumfar, tana korata. A hantsin kwana na ashirin da huɗu ta kira ni ta kan shinge. "Zo ki ji 'yan gidanku, duk bakinki suka ɗauko." Bakwai sun fito. Na takwas ya maƙale, ta yi ta shafa masa tsumma mai ɗumi tana ɓare ɓawon da farce kaɗan kaɗan har azahar. Na tara ya mutu a ciki. Takwas, da 'yan wuyansu tsirara kamar an fige su. Ba abin da na taɓa gani mai muni da kyau kamarsu. A nan ne kukan da ban yi a akurki ba ya zo.

Bai ƙare a nan ba. Mako uku suna cikin kwali kusa da murhunta, domin talotalo nauyi gare ta, takan taka su. Ita ta riƙa tsoma bakin kowanne a ruwa har ya koyi sha. Ko ɗaya bai mutu ba. Mata biyar, zakaru uku.

Da bikin kaka ya zo, Simion ya ce in ara masa su a nuna wa baƙi. Na ara, da wautata. Da na ga jaridar na same shi har gida.

Ya ce, "Iya, a yi adalci. Kwana ashirin da biyu a injina suka yi, biyu kacal a wurinta."

Na ce, "Ka manta wuri na uku. Ka ƙirga da bokitin aladu."

Ba na son allonsa, ya rataya a ɗakin aladun. Rafila ma da na gaya mata, cewa ta yi, "Allo ba ya kwanci, bar masa." Ita ta yafe. Ni ban yafe ba sai an rubuta sunanta daidai.

Rafila, ke ce ungozomar ƙwai. Ke ce kika durƙusa gaban bokitin ƙazanta saboda matar da ta zagi mamacinki, kika kuma ɗauko mata ƙwai a cikin hularsa. Har yau ba ki tayar da zancen ba. Ni ce zan tayar, a gaban duk mai karanta wannan: na yi miki laifi, na yi wa Toader laifi, Allah ya ji ƙansa. Reshen nan a gonarki yake, ke ke da gaskiya. Na gode. Uwata ma da tana nan da ta gode.

Kafin dusar ƙanƙara ta sauka za ta koma birni wurin 'yarta, gwiwoyin sun ƙi. Saura mako biyar. Ku matan ƙauyukan nan uku da kuka yi shekaru kuna ajiye mata ƙwai kuna dawowa ku kwashi 'yan tsaki, ku zo ku zauna a rumfar nan ku koya tun tana nan. Ku sayi inji in kuna so, ban hana ba. Amma wata ta ajiye talotalo.

Ni an riga an ba ni tawa. Jiya ta miƙo mini ita ta kan shinge, da ƙwan katakon a cikin hular Toader. Ni kuma na miƙa mata ƙwan farko da babbar cikin biyar ɗin ta saka da safen nan, da ɗuminsa. Ta juya shi, ta ɗaga shi a rana, ta taɓe baki.

"Ƙarami ne, Yaya. Kada ki kuskura ki sa irin wannan a kwanci. Ki jira bazara."

Zan jira. Yanzu ina da abin jira.