Baba Ɓoye da Wayar da Ba a Yankawa

Ranar da aka kawo allon, hadari ya haɗo tun da hantsi, ya yi baƙi ƙirin a gabas, amma ya ƙi zubarwa. Iska ta tsaya cak, ko ganyen bishiyar ƙofar shagon ba ya motsi. Cikin wannan gumin Baba Ɓoye ya tsuguna gaban kwali, ya ɗauki doguwar baƙar waya, ya juya kanta a tafin hannu. Ya dubi bakin bututun da ke jikin bango, ya sake duban kan wayar. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kan ya fi bakin bututun faɗi.

Baba Ɓoye mai aikin wutar lantarki ne tun yana saurayi, kuma sana'ar ce ta raɗa masa wannan suna. Duk gidan da ya ja wa wuta, ba ka ganin waya ko ta ɗani ɗaya a sarari. Kafin magina su yi filasta yake zuwa, ya sassaƙe bango, ya kwantar da bututun roba, ya bar siririyar igiya a ciki ta jan waya. Ubangidan da ya koya masa ya sha faɗa masa cewa waya a kan bango kamar babban mutum ne ya fito titi ba riga. Ya riƙe wannan magana har furfura ta cika masa kai. Mai ɗakinsa takan ce da ana saka mutum a bututu, da tuni ya saka ta ya shafe da siminti don ya huta da surutu. Shi dai murmushi yake yi, don ba mai yawan magana ba ne.

Shagon na 'yarsa ne ta fari, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta daɗe tana aiki a shagon tabarau na wani, sai bana Allah ya nufa ta buɗe nata. Tun ana gini ta gaya masa za a kafa allon talla a bangon da ke kallon ƙofa, irin mai kama da talabijin amma ba ya kama tasha. Zai riƙa nuna hotunan tabarau da lokutan buɗewa, kuma kwamfutar da ke can ƙuryar ɗakin gwajin ido ce za ta riƙa aiko masa da abin nunawa. Ya tambaye ta wace irin waya ce za ta haɗa su, ta ce waya dai, Baba. Sai ya kwantar da bututun da ya saba, ta ƙarƙashin daɓe, ya hau bango. Mai tayil ya zo ya rufe da farin tayil da ita kanta ta zaɓa.

Ganin kan wayar ya ƙi shiga bai dame shi ba. Abin da ya yi ta yi ke nan duk rayuwarsa: ka yanke kai, ka ja waya, ka mayar da kai. Ya ɗauko filaya ya datse.

Abin da ya zata zai gani shi ne ja da baƙi da kore, in ta yi yawa a ƙara shuɗi. Sai ya tarar da wasu siraran wayoyi kamar gashin jariri, cunkus, an naɗe su ƙungiya-ƙungiya cikin takarda mai ƙyalli irin ta alewa, wasu ma launinsu ɗaya. Ya cire tabaransa ya goge ya mayar. Uwata ta leƙo, ta ga kan a hannu ɗaya, jikin a ɗaya hannun.

"Baba, yankawa ka yi?"

"Zan mayar," in ji shi.

Ya ja ta cikin bututun, ya zauna a kan bokitin fenti, ya shiga haɗa gashin nan ɗaya bayan ɗaya, yana murɗewa yana naɗa salatif. Har la'asar yana abu ɗaya. Da aka jona, allon ya yi wani walƙiya kore, ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gishiri, sai ya koma baƙi, wani ɗan rubutu yana yawo a kai daga kusurwa zuwa kusurwa. Uwata ta karanta ta ce cewa yake babu abin da ya iso gare shi. Baba Ɓoye ya ɗora abin gwajin wuta a kan haɗin, ko ƙyas. A saninsa waya ko dai da wuta ko babu. Wannan kuwa babu wuta, kuma an ce da ma ba wuta take ɗauka ba, hoto take ɗauka. Yana nan zaune kansa a ɗaure ruwan ya ɓarke.

Washegari mai tayil ya zo ya duba, ya ce hanya biyu ce. Ko a fasa tayil a sa babban bututu, kuma irin wannan tayil ɗin ya ƙare a inda aka saya, ko a sayo sabuwar waya a bi da ita ta kan bango cikin farar roba mai murfi, a buga da ƙusa. Uwata ta ce ita ba a taɓa mata tayil.

"A bi ta sama kawai, Baba. Wa zai lura?"

"Ni," ya ce.

Ta san halinsa, ta kuma san ranar Asabar za ta buɗe shago, an riga an gaya wa mutane. Ta ce ta ba shi zuwa yammacin Juma'a. In allon bai kama ba, mai tayil zai buga robarsa.

Ya tafi layin masu kayan kwamfuta, wurin wani da ake kira Dogo, wanda rumfarsa wayoyi ne rataye kamar igiyoyin shanya. Dogo ya ga kan wayar da Baba ya sake yankowa ya zo da shi, da ƙullin salatif a wuyansa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Baba ai wannan ba a yi mata kaciya. Sannan ya baza masa iri-iri a kan tebur. Ga mai faffaɗan baki, irin wadda ya yanka, sunanta HDMI, tana ɗaukar hoto da murya. Ga wata kamar ƙanwarta amma an sare mata kusurwa ɗaya. Ga mai shuɗin kai da kusoshin murɗawa biyu, VGA, tsohuwar yayi, hoto kawai take kaiwa. Ya shiga jero masa tambayoyi: nisan nawa ne, waɗanne ramuka ne a bayan allon, waɗanne ne a jikin kwamfutar, ana son murya ko ba a so. Nisan kaɗai Baba Ɓoye ya sani. Shi kuma ya tambayi wacce ta fi kaurin tagulla, wacce ta fi ɗaukar nauyi. Dogo ya ce nan ba maganar nauyi ake ba. To maganar me ake? Dogo ya yi bayani mai tsawo, Baba yana gyaɗa kai, ba abin da ya shiga.

A ƙarshe ya ɗauki mai shuɗin kai. Dalilinsa shi ne duk abin da ke da kusoshin murɗawa ana kwance shi, in ana kwance shi kuwa ana mayarwa. Sai da ya dawo shago ya yi ta murɗa su suna juyawa a banza, sannan ya gane ba kan suke buɗewa ba, jikin allon suke kamawa. Kan kuma ya fi na farkon girma. An gudu ba a tsira ba.

Uwata ta ce tunda an saya a gwada. Suka shimfiɗa ta a ƙasa daga ƙurya zuwa bango. Hoto ya fito, amma dishi-dishi, kowane harafi yana jan inuwarsa a baya. Telan da ke maƙwabtaka da su ya shigo yi musu sannu da aiki, ya tsaya gaban allon, ya murza ido, ya matsa kusa, ya ja baya, ya ce wa Uwata ta rubuta shi a farkon masu gwaji, ashe idonsa ya tafi bai sani ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce Baba a bar wannan, ita ce za ta kawo mana ciniki. Shi bai yi dariya ba. A gida ya tura kwanon abinci gefe, mai ɗakinsa ta ce mutumin da ya ja wa rabin unguwa wuta, wai wayar hoto ce ta hana shi cin abinci.

Ranar Juma'a da safe ya koma wurin Dogo. Wannan karon bai ɗauki waya ba. Guntun bututu ya sa a aljihu, ragowar wanda ya binne. Ya ajiye shi a kan tebur.

"Ba ni wadda za ta bi ta nan."

Dogo ya ɗaga bututun ya leƙa ta cikinsa kamar mai duban wata. "Haba Baba, da ka kawo wannan tun farko ai da ba mu wahalar da juna ba."

Ya janyo wata waya mai ruwan toka daga babban naɗi, irin wadda ake haɗa kwamfutoci da ita a ofisoshi. Ya ce wannan ana yanka ta, ana ja, sai an gama a matse mata kai. Amma ba ta shiga allo kai tsaye, sai da wasu 'yan akwatuna biyu, kowanne bai fi kwalin ashana babba ba, ɗaya a wajen kwamfuta, ɗaya a bayan allo. Baba Ɓoye ya tambayi aikinsu. Dogo ya ce hoton ne zai tuɓe riga a akwatin farko, ya bi bututu, ya sake sa ta a na biyu. Baba ya ce to rigar ta ina take bi? Dogo ya ce Baba ka dai je ka ja wayar, ina nan tafe da abin matsewa.

Jan waya kam ba a koya masa. Ya ƙulla sabuwar a wutsiyar wadda ya yanka, da ke cikin bututun har yanzu, ya shafa mata sabulu, Uwata tana turawa daga ƙurya, shi yana ja daga bango, ta bi lanƙwasar ta fito sumul. Dogo ya zo da azahar a gurguje, ya jera 'yan wayoyin cikinta bisa launi, ya matse kai nan, ya matse can, ya ce ya bar rumfa ba kowa, sauran jonawa ce kawai, ya fice.

Baba Ɓoye ya jona. Allon ya kawo baƙi, da ɗan rubutun nan mai yawo.

Ya zare ya mayar, ya hura ramukan, ya kashe soket ya kunna. Inuwa ta fara tsawo a titi. Mai tayil ya iso da farar robarsa a kafaɗa da guduma a hannu, ya jingina da ƙofa, ya ce shi ba gaggawa yake ba, amma hasken rana ba ya jira. Uwata tana ta goge madubin da ta riga ta goge.

Baba ya tsaya yana kallon akwatin da ke hannunsa. Shi da ɗan'uwansa kamar tagwaye, baƙaƙe, ramukansu iri ɗaya. Ba wata dabara da ta zo masa. Sai dai akwai abin da hannunsa ya saba tun yana yaron aiki: in abu ya ƙi, kuma ka rasa dalili, juya shi, na nan ya koma can. Ya cire na bayan allo, ya taka a hankali zuwa ƙurya, ya musanya su, ya dawo ya jona.

Fuskar wata mata ta cika allon, sanye da tabarau mai jan baki, tar kamar za ta yi magana. Mai tayil ya sauke robarsa ƙasa.

"Baba, ya aka yi ka gane?" in ji Uwata.

"Ban gane ba, Uwata."

Daga baya ta ɗauki gilashin ƙara girma ta duba gindin akwatunan, ta ga ashe an rubuta da ƙananan haruffa wanne ne mai aikawa, wanne ne mai karɓa. Ta nuna masa. Ya ce to, amma har yanzu ba a gaya masa ta ina rigar take bi ba.

Ya ɗaure akwatin a bayan allon, ya tattare gajerun wayoyin, ya ja baya zuwa bakin ƙofa ya duba. Bango fes. Sai dai wata 'yar koriyar fitila ta jikin akwatin tana ƙiftawa, haskenta yana faɗowa kan farin tayil ta ƙasan allon. Ya ciro salatif daga aljihu, ya yanki ɗan ƙanƙani, ya miƙa hannu ya liƙe ta. Nan kaɗai salatif ɗinsa ya yi amfani a duk aikin.

Yanzu Baba Ɓoye ya daina hawa tsani, gwiwa ta hana. Yakan zo shagon da safe ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, su gaisa da tela, wanda har yau bai yarda idonsa lafiya lau yake ba. Guntun wayar da ya yanka yana cikin akwatin kayan aikinsa, wani lokaci yakan ɗauko ya duba ya mayar. Allon yana nan yana aiki, kuma babu waya ko ɗaya a kan bangon.