Ba Mai Kujerar Kansa

Shekara ashirin da bakwai Akawu ya yi a ƙarƙashin matakalar wani bene da ke kallon ofishin filaye, shi da tafiretarsa da benci guda. Ba akawun kowa ba ne. Sunan dai ya bi shi tun ranar da aka rage ma'aikata aka sallame shi, ya sayi tsohuwar tafireta a gwanjo ya zauna buga wa mutane takardu. Da ita ya aurar da 'ya'ya huɗu, da ita ya yi jinyar matarsa har ta rasu. In ruwan sama ya sauko, sai ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, shi ya jiƙe.

Bencin nan kuwa ya ga jama'a. Safiyo, wani mai awon filaye, yakan shimfiɗa taswira a cinya yana tsaki. Wani lauya marar ofis ya mayar da wurin adireshinsa, wasiƙunsa duk hannun Akawu suke zuwa. Mai tallar magunguna takan ajiye jakarta ta tafi zagayen asibitoci. Duk masu ilimi, takalmi sai ƙyalli, amma ba mai wurin da zai zauna ya yi aikin awa biyu.

Akawu ya daɗe yana kallonsu, har abin ya zama tsari a kansa. Falon saman benen ya shekara uku a rufe. A sa tebura goma sha biyu, da wuta, da intanet, da kabad mai makulli. Mutum ya yi rajista ya zama mamba, na mako ko na wata, ya zo lokacin da ya ga dama, ya tafi in aiki ya kira shi. Shi abin da yake so a ciki bai taka kara ya karya ba: teburi ɗaya a bakin taga, inda ruwa ba zai sake taɓa masa takarda ba.

Wanda ya faɗa wa shi ne ɗan ƙanwarsa, wanda ake kira Manaja tun yana rarrafe saboda son ba da umarni. Ya dawo da digiri da abokai masu hannu da shuni, amma ko mutum ɗaya bai sani ba a layin. Wata biyu yana zuwa benci da biro, Akawu yana zuba masa abin da ya tara. Wane ke zuwa da safe, wane ke son teburi mai faɗi, wace ke tsoron a taɓa mata jaka.

"Rubuta," in ji Akawu, "ba mai kujerar kansa. Wanda ya riga zuwa ya zauna. In ka bar mutum ya mallaki wuri, gobe da matashin kai zai zo."

"Gaskiya ne, Kawu."

"Sannan ban da ƙara. Safiyo ba ya iya aiki in ana damunsa."

Da yatsunsa ya buga dokokin, bakinsa har kunne. Shi ya bi mutanen bencin ɗaya bayan ɗaya har suka yarda su yi rajista, domin shi suka sani, ba Manaja ba.

Ranar da aka kawo zanen falon, Akawu ya hau sama, ya sa tabarau ya bi shi da yatsa. Ga tebura, ga kabad, ga injin buga takarda. A bakin taga kuwa an zana tukunyar fulawa.

"Ɗana, ina nawa?"

Manaja ya sosa ƙeya. "Ai Kawu kai ka ce ba mai kujerar kansa. Ga katinka, lamba ta ɗaya, kyauta. Duk inda ka samu ka zauna."

"Da tafiretar?"

"To, ita ce matsalar. Dokar ƙara. Abokan aikina sun ce ko za ka ba mu ita mu ajiye a bakin ƙofa, tana da ban sha'awa."

Kayan ado ke nan, kamar tukunyar fulawar. Abin haushin, Akawu ba shi da bakin musu. Dokarsa ce, rubutunsa ne, har an sa ta a gilashi za a rataye. Ya miƙa wa yaron katinsa, ya sauko.

An buɗe wurin, ya cika maƙil, kamar yadda Akawu ya sani tun farko. Safiyo yanzu yakan ɗaga masa hannu ne ba tare da ya tsaya ba. Wasiƙun lauya sun koma sama. Takardun da yake buga musu, inji ke fitar da su kafin ka ƙifta ido. Benci ya zama wurin hutun ƙura.

Wata safiya wata dattijuwa ta zo a buga mata takardar koke kan gonarta, aikin farko da ya samu a kwana shida. Ya gyara zama, ya sa takarda, yatsu suka kama rawa a kan tafireta. Bai kai layi na biyar ba sai ga Manaja ya leƙo daga saman matakala, murya ƙasa-ƙasa, cike da ladabi.

"Kawu, don Allah a ɗan dakata. Ƙarar tana hawowa, mambobi suna ƙorafi."

Akawu ya ɗaga yatsunsa daga kan tafireta. Dattijuwar ta dube shi tana jira. Ya lalubo biro a aljihu, ya ce, "Ci gaba, Baba, da hannu zan rubuta."