Waken da Ƙwaro Ya Ƙi

Jiya a babbar kasuwar Garwa wani mai wake ya kwance mini bakin buhu. Ban ko sa hannu ba na ja da baya. Wari ne ya buge ni, kamar kananzir da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ban taɓa shiga aji ba, amma wannan warin na san shi tun ina yarinya.

A ƙauyenmu, can ƙetaren Binuwai, Kaka, uwar Babana, ita ke riƙe da abincin gida. Gero da wake muke shukawa a kunya ɗaya, kuɓewa a gefe, kashin shanu da na awaki muke kwasa a ka mu zuba. In an girbe wake, Kaka takan tankaɗe tokar murhu ta cakuɗa da shi, ta sa ganyen darbejiya, ta cika tukwane, ta liƙe bakinsu da laka. Haka yake kai mu damina.

Sai Baba ya ba auduga gonar, ya bar mana ɗan gefe. Shekarun farko ya sayi rediyo da keke. Daga baya ƙasa ta yi fari fat, ta ƙi komai sai da takin buhu. Auduga kuwa ba a tuƙa ta. Shekarar da nake ba ka labari ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya ƙone. Wake buhu ɗaya muka samu, shi ne ranmu.

Baffa, ƙanen Baba, ya dawo daga kasuwa da maganin feshin auduga a kwalbar lemo. Ya ce a zuba a wake, ba ƙwaron da zai kusance shi.

Kaka ta ce, "Abin da ke kashe tsutsa, ɗan mutum zai bari?"

Baffa ya yi dariya. "Iya, kowa haka yake yi yanzu. A wanke a shanya, shi ke nan."

Kaka ta zauna a kan tukunyarta, ta ce ba mai taɓa ta. Baba ya ɗaga ta kamar yarinya ya ajiye gefe, ya sa ƙafa ya fasa tukunyar. Suka tankaɗe tokar, suka juye waken a buhu, suka yayyafa maganin.

Da bazara Inna, mahaifiyata, ta ɗebo ta wanke ta dafa. Yara ake fara zuba wa. Ni da ƙanena muka zauna a kwano ɗaya da hantsi. Shi mai ci ne, ni wake bai dame ni ba. Muna suɗe hannu Inna ta ga kajin da suka sha ruwan wankin suna birgima a ƙasa. Ta kurma ihu.

Cikina ya murɗe. Yawu ya riƙa zubo mini kamar an buɗe randa. Ƙanena ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, ya cije harshensa har jini ya jiƙa masa riga.

Baba ya shigo daga gona da galma a kafaɗa. Ya dubi yaron, ya dubi Baffa. Ya ɗaga galmar ya yi kan Baffa. Saran farko Baffa ya tare da hannu, na ji ƙarar ƙashi. Na biyu ya tsaga masa kunci har haƙora suka bayyana. Baffa na rarrafe yana cewa, "Yaya, Yaya," Baba na bin sa. Kaka ta faɗa a kan Baffa ta rufe shi da jikinta.

"Sare ni tare da shi! Shi ya kawo kwalba, wa ya fasa tukunya?"

Inna ta damƙi rigar Baba ta yage. "Ku bar faɗa ku ɗauki yara, suna mutuwa!"

Keke ɗaya ne, asibiti kuma da nisa. Mutum ɗaya zai ɗauka. Baba ya dube ni, ya ɗauki ƙanena, aka ɗaure masa shi a baya da zane. Ni Kaka ta danne ni da gwiwa, ta cusa mini yatsu a maƙogwaro, na yi ta amai har na daina gani. Ko shi ya cece ni, ko don kaɗan na ci, Allah ya sani.

Da la'asar Baba ya dawo yana tura keken. Yaron na nan ɗaure a bayansa. Bai kai asibiti ba.

Jandarma suka zo suka tafi da Baba, ya yi watanni a tsare. Hannun Baffa bai ƙara riƙe fartanya ba. Sauran waken aka haƙa rami aka binne, muka ci tafasa da dusa har kaka. Da damina ta dawo, Kaka ta ja ni muka kwashi kashin awaki muka zuba a gefen gonar, muka shuka gero da wake. Ta gina sabuwar tukunya. Ba wanda ya hana ta.

Yau ƙosai nake soyawa a bakin tasha. 'Yan makaranta ne suka fi saye. Mai waken jiya ya ce, "Dada, duba mana, tas yake, ko huda ɗaya babu."

Na ce, "Na gani."

Na wuce wurin wata tsohuwa da ta zo daga duwatsun Mokolo. Wakenta duk toka, wasu ƙwayoyin da huda, ƙwaro na yawo a ciki. Na sa ta auna mini. Na tsince, na sheƙe, na jiƙa. Abin da ƙwaro ya ci ya rayu, shi nake ba 'ya'yan mutane.