Cokali Biyu Don Kek

Shekara tara ina zuba wa baƙi wiski su ɗanɗana a wata masana'antar giya a nan Kentucky ta Amurka, amma tsohuwar yau daban take. Ga hular coci mai furen roba, ga farar safar hannu, ta rungume jaka a ƙirji kamar za a ƙwace mata. Kallo ɗaya za ka san 'yar Baftis ce, masu tsine wa giya kowace Lahadi.

"Ɗan nan, ni fa ba na sha," in ji ta. "Kek zan yi wa matan coci, cokali biyu kawai zan zuba."

Sai dai mai neman cokali biyu ba ta shinshina kofi da baki a ɗan buɗe. Wannan kuwa tana kurɓa, tana juya shi a baki kamar mai tauna, sannan ta yamutsa fuska. "A hawan ƙasa na rumbu aka ajiye gangar wiskin nan ta tsufa. Zubo min na hawan sama, ya fi daɗi."

Ina jin kek ɗin nan ya kai shekara arba'in ana yin sa.

Tana kan kofi na uku wani dattijo mai baƙar kwat ya shigo, kwalba a hammata, ya tsaya cak. A wajenmu 'yan Baftis ba sa gane juna a irin wannan wuri, ko da ciki ɗaya suka fito. Ya ɗaga hula, gumi na karyo masa.

"Baiwar Allah, ban san ki ba."

Ta shanye sauran, ta goge baki da hankici.

"Ni ma ban taɓa ganin ka ba, Fasto Purvis."