Ruwan Gero a Kan Tasa

Na yi shekaru a gidan rediyo a Tawa, amma ba a taɓa jin muryata ba. Ni ne mai yin ƙara. In ana wasan kwaikwayo, 'yan wasa na gaban makirfo suna zuba, ni ina tsugune gefe da tarkacena: ƙoƙo biyu na kofaton jaki, tsohon ƙyauren langa-langa, sai gero da nake zubawa kan tasa in an ce hadari ya sauko. Aikin wofi, in ji mutane. Ni dai ya ciyar da ni.

Yayata tana Takanamat. Ita ta goye ni, kafin ciwon ido ya makantar da ita. Lokacin salula ba ta kai can ba. Ran wasa takan aza rediyo kan cinya, labarin kuwa bai dame ta ba, ni take saurare. In ƙyauren nan ya yi kuka, ta san autanta yana lafiya.

Sai aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, cike da ƙararrakin da aka sayo daga Turai. Ruwa iri-iri, ƙofofi, tsuntsaye, har da jirgin ƙasa da ba mu da shi. Sun fi nawa tsabta, ba zan yi ƙarya ba. Ba wanda ya kore ni. An dai daina kirana. Na riƙa zama bakin ƙofa ina shan shayi ni kaɗai, har na gaji na kwashe tarkacena. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Bayan kaka wani direba da ke cin kasuwar Takanamat ya same ni a tasha. "Yayarka ta ce in duba ko kana da rai."

Da na isa can, na tarar da ita a inuwar rumbu, rediyon yana rataye jikin danga, ko batir babu. Ta amsa sallamata, ta shafa fuskata.

"Ruwan nan da suke sawa, na wane gari na?" ta ce. "Bisa dutse yake zuba. Har damina ta wuce ina saurare, ban ji ka ba."

"Yaya, yanzu inji ke yi."

Na shiga ɗakinta na ɗebo gero da tasa, na durƙusa kusa da kunnenta. Na fara da yayyafi, sannan na sake shi da ƙarfi. Kaji suka taru.

Sai da geron ya ƙare ta ɗago kai.

"To, auta," ta ce. "Sannu da zuwa."